Kafin ka ɗora bene a Garwa ko Marwa

Tsayin gidan zama a Kamaru ba lamba ɗaya ba ce ga ƙasa duka. Dokar tsara birane mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004 ta bar wannan ga takardun tsarin kowane gari, musamman wadda ake kira POS, mai yanka gari shiyya-shiyya, kowace da ƙa'idarta. Shi ya sa za ka ga filaye biyu titi ɗaya ne tsakaninsu, wannan an yarda masa R+3, wancan R+1, wato ƙasa da bene ɗaya.

Don haka tun kafin mai zane ya ja layi, ka je meri, wato ofishin magajin gari, ka nemi sertifika d'urbanism ta filinka. Ita za ta gaya maka abin da aka yarda a gina a wurin. Abu uku za ka duba: iyakar tsayi, tazarar da za ka bari daga titi da katangar maƙwabci, sai COS, wato lambar da ake ninka girman filinka da ita a san jimillar daɓen da za ka iya ginawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama mutane. Idan filinka murabba'in mita 400 ne, COS ɗin shiyyar kuma 1, jimillar daɓen benayenka duka ba zai wuce 400 ba. Ka cinye 250 a ƙasa, saura 150 a sama, ko da tsayin da aka yarda ya kai bene uku.

Ka tambaya daga ina ake awo, kuma zuwa ina: bakin rufi, ko ƙarshen gajeriyar katangar da ke kewaye dal, wato rufin kankare. Kowane hawa yana cin kusan mita 3, to tudun da ka cike don gudun ruwan damina yana iya tsallakar da kai iyaka. Tankin ruwa, ɗakin matakala da hasumiyar masallaci, wata ƙa'idar tana ware su daga lissafi, wata ba ta warewa. Duk sassaucin da aka yi maka, ka gan shi a rubuce cikin permi, wato takardar izinin gini, don "sun ce ba komai" ba ya hana hukuma sa jan fentin gargaɗi a bango. Kusa da filin jirgin saman Garwa kuwa akwai iyakar hukumar jiragen sama, wadda meri ba ta da ikon ɗagawa.

Mai titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, ke neman permi na gini. Kuma permin da aka ba ka na gidan ƙasa bai rufe bene ba, sai ka koma da sabon zane. A nan ake ɓarna sosai: tushen da aka zuba don hawa ɗaya, a ɗora masa biyu, a kan karal ɗin yankin Marwa, laka mai kumbura da damina ta tsage da rani. Gwajin ƙasa ya fi gyaran tsaga araha.

A ganina, rigimar bene a unguwanninmu ta taga ce. Tsakar gidan maƙwabci wurin iyalinsa ne. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta hana taga ko baranda mai kallon filin maƙwabci kai tsaye in tazarar ba ta kai mita 1.90 ba, ta gefe kuma santimita 60. Amma mita biyu ba ta hana ido gani daga sama. Ka juya barandar ta fuskanci titi, tagogin ɓangarensa ka ɗaga su sama da tsayin mutum ko ka sa gilashi mai hazo, sannan ka kai masa zanen a gaban jauro, wato mai unguwa, kafin a kawo yashi.