Ruwan da na hana yaɓen falona

Sau uku na yi wa falona fenti cikin shekara biyu, sau ukun kuma tsagar nan tana dawowa gurbinta, siririya kamar silin gashi. Ɗaya ta miƙe a saman taga, sauran sun bazu a bangon gabas kamar saƙar gizo. Baƙo ba lalle ya lura ba, amma ni da zarar na zauna shan shayi idona na kansu.

An yi yaɓen gidan nan namu na unguwar Karkada a watan Afrilu, tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40. Duk ɗan Damagaram ya san yadda ruwa yake a wannan lokaci: famfo ya kwana biyu bai ɗiga ba, in ya zo sai tsakar dare, 'yan ga-ruwa kuma farashi sai yadda suka yanka. Maginin ya ce a riƙa jiƙa yaɓen safe da yamma har mako guda. Na zauna na lissafa bido, wato jarkar ruwa, nawa ke nan, ga kuɗin ƙofofi ban gama biya ba, sai na ce kwana biyu sun isa. A kwana na shida na sa aka shafa fenti, don iyali na jiran tarewa kafin ƙarshen wata. Kuɗin ruwan da na tsimi bai kai jaka 10 ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Hunturun farko tsagar ta fito. Na ce laifin fenti ne, na sayo wani na maimaita. Karo na biyu na dama siminti tsura, babu yashi, na cusa da yatsa. Da ya bushe sai ya tsuke ya tsage, ya bar tabo mai duhu a ƙarƙashin fentin. Na uku ya fi ciwo, don fentin mai na saya mai tsada, wai kaurinsa zai rufe. Bayan damina ya kumbura, yara suna ɓare shi kamar ɓawon albasa.

Wani dattijon magini da muke sallar asuba tare ne ya cece ni. Da ya shigo, fentin ma bai kalla ba. Ya juya cokalinsa na gini yana ƙwanƙwasa bangon da mariƙin, taku bayan taku. Wani wuri ƙarar a cike, wani wuri kuwa kamar ana buga fankon ƙwarya. Ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan yaɓen da ƙishirwa ya bushe. Kwana nawa ka ba shi ruwa?" Na ce, "Biyu, Baba." Bai ƙara magana a kai ba, kuma shirun nasa ya fi mini faɗa zafi.

Shi ya fahimtar da ni cewa siminti da ruwa yake yin ƙarfi. In rana da iska suka zuƙe ruwan kafin ya kama, sai fuskarsa ta tsuke ta dare, wani wurin ma ya rabu da bulo. Sai ya kusa kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika, ni kuwa na rufe shi da fenti a kwana shida. Tsagar saman tagar dalilinta daban: nan lanto, wato kankaren da ake zubawa a saman taga, ya haɗu da bulo, zafin rana da sanyin daren hunturu ba sa motsa su daidai, sai mahaɗar ta buɗe. Ko ka cike ta sau goma za ta dawo muddin ba a ɗaure ta ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Ya ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, ya rubuta kwanan wata, ya ce kada na taɓa. Wata uku muna kallo, ba ta ƙara tsawo ba. Ya ce da ta ci gaba, ko tana bin layin bulo kamar matakala, ko ta yi faɗin da kwabo zai shiga, to maganar tushen gini ce, sai a nemo injiniya. Ranar na yi barci mai daɗi.

Wuraren fankon duka muka sare har bulo. Sabon yaɓe awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi tankaɗaɗɗe marar laka. Wannan karon da hannuna na ba shi ruwa, bayan asuba da bayan magariba, kwana bakwai cur, na kuma rataya tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu a kai don iska. Ruwan da na yi wa rowa a farko na biya shi ninki, ban da kuɗin fenti uku da suka tafi a banza.

Ƙananan tsagogin kuwa sai da ya faɗaɗa su da bakin wuƙa. Ina tsaye ina ganin silin gashi ya koma rami, zuciyata na bugawa, ya ce abin cikewa ba ya shiga inda ba shi da wurin zama. Muka kakkaɓe ƙurar da buroshi, muka ɗan jiƙa, sannan anduwi, wato kwaɓin da ake lailaye bango da shi kafin fenti, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe sarai kafin na biyu. A mahaɗar lanto ya shimfiɗa raga ta zare, ta haura tsagar da kamar santimita 10 sama da ƙasa, ya binne ta cikin anduwin. Mako huɗu muka bar falon haka da dabbare-dabbare. Uwargida ta yi ta cewa, "Maigida, Sallah fa ta matso," na ce ko baƙi za su zauna a tsakar gida, ba mai taɓa bangon nan. Daga nan aka goge, aka shafa fentin ruwa.

Hunturu biyu sun wuce, bangon gabas sumul, saman taga ma haka. Wata 'yar ƙarama ta dawo a bayan ƙofa, daidai inda raga ta ƙare mana na ce a wuce haka nan.

Maƙwabcina yana yaɓe yanzu, shi ma cikin bazara. Shekaranjiya na ji yana ce wa yaran aikinsa ruwa ya yi tsada, a taƙaita. Na kama hannunsa na kai shi bayan ƙofar falona ya gani, da yamma kuma na tura masa bido huɗu daga cikin namu.