Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar bakina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Jiya na gatsi tsire da haƙoran gaba, karo na farko tun ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Wata 14 ke nan ina kare baki da hannu in zan yi dariya. Ɗalibaina kuwa har sun saba da jin "s" ɗina tana fita kamar iskar taya.

Haƙora biyu na rasa, kuma na yi sakaci. Wata shida ina zaune da giɓi, ina cewa sai an yi albashi. Da na je Abuja wurin likitan haƙori, ya duba hoton ya ce ƙashin muƙamuƙin ya zaizaye. Ashe idan haƙori ya bar gurbinsa, ƙashin da ke riƙe da shi yakan motse, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Babu inda za a kafa ƙusar titaniyam ɗin da sabon haƙori zai hau, sai an fara cike wurin.

A nan hankalina ya tashi. Garin ƙashin da ake cikon da shi, wani na saniya ne, wani na mamaci, wani ma na alade. In ba haka ba, a yanko daga jikina. Likita ya ga fuskata ta canza, sai ya nuna mini wani turmi can ƙuryar baki da ya fito a karkace, wanda dama cire shi za a yi. Ya ce jikin haƙori ɗan uwan ƙashi ne, sinadarinsu kusan iri ɗaya ne. Ya cire shi, ya kankare, ya niƙa a wata 'yar na'ura har ya koma kamar tsakin gero, ya jiƙa a ruwan magani, ya zuba a ramin ya ɗinke dasashi. Niƙan da wankin ba su wuce minti 20 ba. Wata biyar jiki na ɗora nasa ƙashin a kai kafin a sa ƙusa, sannan wata uku kafin haƙoran. Likita, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Ba ka taɓa ƙosawa da tambayoyina ba, har wadda na yi sau uku.

Yaya, kai ka sayar da buhunan shinkafarka tun kafin farashi ya tashi. Na sani, ko da ka hana a gaya mini. Inna, addu'arki ta asuba ta kai. Uwargida, makonni kina dama kunu da fura marar gaya ba ki ce uffan ba, ni ne ma mai mita. Malaman makarantarmu da suka bar mini kwasar farko a adashe kuma suka riƙe mini aji, da direban da ya ɗauke ni daga bakin titi ya ƙi karɓar ko sisi, ban ma san sunansa ba: Allah ya biya ku.

Rake dai likita ya ce in dakata tukuna. Mai son ganin haƙoran ya same ni gida ranar Juma'a bayan la'asar, akwai shayi.