Yadda Na Sake Samun Fuskar Inna

Wata 4 bayan rasuwar Inna na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali: duk lokacin da na rufe ido don in tuna ta, fuskar da take zuwar mini ita ce ta makonninta na ƙarshe, kumatu sun lotsa, idanu sun faɗa, leɓɓa sun bushe. Matar da ta yi shekara 67 a duniya, wadda ta raini 'ya'ya 5 ita kaɗai da keken ɗinki bayan rasuwar mahaifinmu, sai ga shi shekara 3 na jinya sun rufe mini ita ruf. Ni ce auta, ni ce kuma na fi kowa zama a gefen gadonta, don haka ni ce cutar ta fi cika wa ido.

Sankarar nono ce ta kwantar da ita. Ta ji ƙari a nononta na hagu, ta yi shiru da bakinta kusan shekara guda, domin ba ya yi mata zafi, kuma ba ta saba ɗora wa kowa nauyin jikinta ba. Daga baya likita ya bayyana mana cewa irin wannan ƙari galibi ba ya ciwo a farkonsa, kuma rashin ciwon ne yake yaudarar mata da yawa har lokaci ya ƙure. Kafin mu kai ta asibiti ya riga ya kai ga hammata. Aka yi mata tiyata, sannan aka fara ba ta maganin kemo, mai kashe ƙwayoyin sankara, ta jijiya, sau ɗaya kowane mako 3, har sau 6. Gashinta ya fara zubewa kimanin mako 2 bayan na farko, kuma an gargaɗe mu cewa maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cututtuka, don haka idan zafin jikinta ya kai digiri 38 mu kai ta asibiti, kada mu jira gari ya waye. Ta samu sauƙi na fiye da shekara guda, har ta koma kan kekenta, kafin ciwon baya ya taso mata, hoto kuma ya nuna cutar ta shiga ƙashi.

A nan ne muka yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Da likita ya faɗa mana cewa abin da ya rage shi ne a sassauta mata, ba a warkar da ita ba, sai ni da yayyena muka haɗa baki a kan kada ta ji. Muka shafe wata 2 muna ce mata sanyin ƙashi ne, muna murmushi a gabanta, mu fita waje mu share hawaye. Wani dare ina shafa mata mai a baya, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba: "Auta, jikin nan fa nawa ne. Kun ɗauka ban san abin da yake gudana a cikinsa ba?" Na kasa cewa komai. Ta ce abin da ya fi ciwon damunta shi ne yadda muka bar ta ita kaɗai da saninta, ba ta da wanda za ta yi maganar da shi, domin tana tsoron ta karya mana zuciya kamar yadda muke tsoron karya tata. Cikin mako guda bayan wannan dare ta lissafa mana waɗanda take bin bashi da waɗanda suke bin ta, ta aika aka kira mata wata 'yar'uwa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, suka yafi juna. A ganina, ɓoye wa babban mutum mai hankalinsa gaskiyar ciwonsa ba tausayi ba ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi, domin ana ƙwace masa kwanakin da zai gyara al'amuransa da kansa.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Da aka rubuta mata mofin na sha, wato wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi sosai, sai na tsorata da sunan, na riƙa jinkirta ba ta har sai na ga tana cije leɓe tana damƙe zanen gado. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani cikin natsuwa, cewa ciwon sankara ba a jiran ya taso sannan a bi shi da magani, ana riga shi ne, kowane awa 4 bisa agogo, da adadin da likita ya ƙayyade, tare da maganin sassauta bayan gida, domin mofin yana taurara shi. Ta ce tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai matakai 3 na rage wa masu sankara raɗaɗi, daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Daga wurinta kuma na fara jin sunan Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa raɗaɗin mai jinya ba a tsoka da ƙashi kaɗai yake ba, har da tsoro da damuwa da tunanin waɗanda zai bari. Kwana 2 da fara bin agogo, Inna ta yi barcin da rabonta da irinsa tun watanni, ta farka ta tambaye ni ko an yi wa kekenta mai.

Sauran aikin jinya hannu ne yake koyonsa. Na koyi juya ta kowane awa 2 don kada miki ya fito mata a ƙugu da ƙarshen ƙashin baya da dunduniya, na koyi sa matashi tsakanin gwiwoyinta, da canza zanen gado tana kwance a kai. Na kuma koyi daina tilasta mata cin abinci, wanda shi ne ya fi yi mini wuya, domin a zuciyata ciyarwa ita ce ƙauna. Jikin da ya kusa gajiya yana rage buƙatar abinci da kansa, kuma ɗura wa mai rauni yana iya sa abin ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Sai na koma jiƙa mata leɓɓa da auduga, ina ba ta abin da ta nema kawai.

Da raɗaɗin ya lafa, sai baki ya buɗe, na kuwa sayi littafin rubutu na fara ɗaukar abin da take faɗa. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma muna yara babu daren da ba ta karɓar littattafanmu ɗaya bayan ɗaya ta buɗa shafi-shafi. Na tambaye ta abin da take dubawa tun da ba ta iya karatu ba. Ta yi dariya har sai da ta dafe haƙarƙari, ta ce jan biron malami take ƙirgawa, sannan ba littafin take kallo sosai ba, fuskar mai littafin take kallo, domin wanda bai yi aikinsa ba ba ya iya haɗa ido da ita. Ta ba ni labarin dararen da take ɗinki har asuba idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya matso, tana shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin keken don kada ƙararsa ta tashe mu. Shekara 30 ina tare da ita ban san da wannan tsumma ba, kuma da ban tambaya ba da ta tafi da labarinsa.

A kwanakinta 3 na ƙarshe ba ta ƙara magana ba. Numfashinta ya riƙa tsayawa na ɗan lokaci sannan ya dawo, abin da aka riga aka shirya mu a kansa, aka kuma ce mu ci gaba da yi mata magana domin ana kyautata zaton ji yana cikin abubuwan da suke jimawa ba su tafi ba. Muka kewaye ta mu 5, kowa yana faɗa mata sunansa da abin da yake ransa. Ta cika da asuba, hannunta yana cikin na babban yayanmu. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi.

Da na gane cewa fuskar jinya ta danne mini sauran fuskokinta, sai na ɗauko littafin nan na fara karanta shafi ɗaya kowane dare da murya, ina ƙoƙarin kwaikwayon yadda take jan magana. Na kwashe hotunan asibiti daga wayata na ajiye su a wani wuri dabam, ban goge su ba, domin su ma ita ce. Na roƙi kowane ɗaya daga yayyena ya ba ni labari guda wanda ya faru kafin cutar, sai na tarar kowannensu yana da Innar da ban sani ba: babban yayanmu ya san ta tana matashiya mai saurin fushi da saurin huce, yayata kuma ta san ta a matsayin wadda ta kwana 9 a zaune lokacin da ƙyanda ta kama ni ina jaririya.

Keken ɗinkin ni ta bar wa. Na yi watanni ban iya buɗe murfinsa ba, sai ranar da na ƙudura zan sa masa mai kamar yadda ta tambaya. A cikin ƙaramar durowarsa, a ƙarƙashin zare da allurai, na tarar da siraran ƙyallaye 5 a naɗe, kowanne da launinsa, kowanne da ƙulle-ƙulle a jikinsa. Yayata ce ta gane su da na nuna mata: awon jikinmu ne muna yara, tun da Inna ba ta rubuta lamba, ƙulli take yi a wurin kafaɗa da ƙugu da tsawo. Na ɗauki mafi gajarta a cikinsu, shuɗi, na miƙar da shi a kan cinyata, sai na gan ta a durƙushe a gabana da allura a gefen baki, kumatunta cike, tana cewa in tsaya da kyau in daina motsi.