Kuɗin kai

Ƙarfe ɗaya saura na dare kuma barci ya ƙi zuwa. Bari in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi.

Ranar ta fara lafiya lau. Motar albasa biyu suka iso Mile 12 daga Aliero tun kafin asuba, kafin la'asar mun sayar da fiye da rabi, Alhaji har da saya mana tuwo. Hanyar Agege ma yau da sauƙi. Na riƙo wa Uwargida burodi mai zafi, yara suka cinye shi a tsaye.

Bayan isha'i na leƙa ɗakin Auta don in karɓi lissafin POS. Yana kishingiɗe a katifa, ya karkata waya, koren tebur yana haska masa fuska. Tun daga bakin ƙofa na gane. Waɗanda suka daɗe da ni sun san na yi shekara uku a cikin foka, cacar karta, kafin Allah Ya raba ni da ita a 2019, sun kuma san abin da ta ci min.

"Yaya, na wasa ne, ba kuɗi a ciki."

Na zauna a gefen katifar da niyyar yi masa faɗa. Kafin in buɗe baki wani ɗan wasa mai ƙaramin jari ya zuba duk abin da ke gabansa, ƙwandalar wasa 3,000. Auta yana riƙe da sarauniya da tara. Bai ko yi jim ba ya kai yatsa zai amsa, wato ya zuba daidai abin da wancan ya zuba.

Na riƙe masa hannu. "Kai, da wannan tarkacen? Kifa kartar!"

Haka na san wasan. A gasar da na saba, duk kuɗin yana can ƙarshe, a hannun 'yan kaɗan da suka daɗe a tebur, mafi tsoka kuma na ukun farko ne. Don haka rai ake tattali. Ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ciyo ciwo, musamman in an zo dab da inda ake fara biya. A nan mutum zai kifa karta mai kyau yana ji yana gani, ya bar wasu su kashe juna. Fitar da ɗan wasa ba ta ƙara maka komai sai ƙwandalolinsa, ribar fitarsa ta kowa ce.

Auta ya ce wannan ba irin tawa ba ce. Ya nuna min wata 'yar lamba a saman hoton kowane ɗan wasa. Kuɗin shiga, in ji shi, kashi biyu ake yi: rabi tukunyar ƙarshe, rabi a ɗora a kan mutum. Ka fitar da shi, rabin kuɗin kansa ya shiga aljihunka nan take, ɗaya rabin a ƙara a kan naka kan. Kana ci, kanka yana tsada, ana ƙara farautarka.

Sai ya yi min lissafi da baki, lokacin wayar yana ƙirgawa. Zai sa 3,000 ya ciyo 3,600, wato a gasata ba zai amsa ba sai in yana da damar ci kashi 45 cikin ɗari. Amma kowa da 10,000 ya fara, abin da za a ba shi nan take kuwa kwata ne na kuɗin shiga, ka ce ƙwandala 2,500. Ka haɗa, tukunyar ta zama 9,100, kashi 33 ya wadatar. Kartarsa kuma a ganinsa ta kusa kashi 40 a kan irin abin da mai ƙaramin jari yake zubawa da shi.

"Kuma na fi shi jari, Yaya. In na faɗi ina nan da raina. In shi ne ya fi ni, ba na amsawa, don ko na ci ba zan fitar da shi ba, babu kuɗin kai."

Wallahi daidai ne. Na juya lissafin a kaina sau biyu ban sami inda ya karkace ba. Na ma ƙara masa da cewa to ke nan mai ƙaramin jari ba shi da damar yin barazana da karta marar kyau, tunda kowa ɗokin amsa masa yake, kuma tara jari da wuri ya fi muhimmanci a nan fiye da a tawa. Ya ce, "Ka ga ka gane!" Yaron nan da ya bar makaranta don babu kuɗin rajista, ga kai kamar na'ura.

Ya amsa. Wancan ya buɗe as, kartar da ta fi kowace girma, da bakwai. A kartocin tsakiyar tebur, ta huɗu tara ta faɗo ta dace da tarar Auta, ta biyar ba ta ceci wancan ba.

Ni ne na yi ihu, ba Auta ba. Har Uwargida ta ɗaga murya daga tsakar gida tana tambaya ko lafiya.

A daidai nan wani rubutu ya gilma a saman wayar, da alamar dala a gabansa. Na gani. Ya san na gani. Ya yi sauri ya shiga ba ni labarin gasar duniya ta WSOP a Las Vegas, yadda a 2022 aka yi wata mai kuɗin kai a ɓoye cikin ambulan, shiga dala 1,000, wani Matt Glantz ya zaro ta dala miliyan 1 alhali ba shi ya ci gasar ba. Idonsa yana ƙyalli. Na san ƙyallin nan, na taɓa ganinsa a madubi.

Minti arba'in na yi a ɗakin. Ban ce masa caca haramun ce ba, alhali ayar Ma'ida ta 90 tana bakina, ita Malam ya karanta min ranar da na je masa ina kuka. Ban tuna masa la'adar da masu manhajar suke cirewa tun kafin a raba karta ba, wadda ba ta cikin lissafinsa mai kyau. Ban tambaye shi da kuɗin wa yake shiga ba, ga jarin POS ɗin nawa ne, rabinsa ma na adashen Uwargida. Shawara na ba shi. Yatsuna har ƙaiƙayi suke.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Shekarun nan duka ina zaton abin ya mutu a jikina, ashe kwance yake.

Inna ta kira ɗazu daga gida, ta ce yaya autanta, na ce lafiya ƙalau.

An ɗauke wuta. Janaretan maƙwabta ya tashi. Ta ƙasan ƙofarsa har yanzu ina hango ɗan haske.

Littafin POS ɗin ma ban karɓo ba. Gobe in Allah Ya kai mu tare za mu tafi sallar asuba, in mun dawo mu zauna mu ƙirga kuɗin naira-naira. Kuma zan ba shi labarin 2019 gaba ɗayansa, har da zancen babur ɗin da na sayar, wanda har yau a gida an ɗauka sace shi aka yi.