Bakwai ce, ba uku ba

Yau da nishaɗi na tashi. Wuta ta kwana, abin da muka kwana biyu ba mu gani ba, waya ta cika, fitila ta cika, har Auta ya samu ya goge kayan makarantarsa gaba ɗaya. Sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe gari, daga ƙofar gida ko Goron Dutse ba a hangowa. Na sha koko da ƙosai, na jawo laftof ɗin malamar nan zan ƙarasa mata, sai ga kiran Kawu.

"Injiniya, kana gida? Maza ka zo shago, na sayo wa kwamfutar nan sabuwar ƙwaƙwalwa, ka zo ka ɗaura min."

Kun dai san kwamfutar. Dell OptiPlex 790 ɗin nan ce siririya mai kwanciya, Landan yus, wadda ni na raka shi aka sayo. Furosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwarta, i3-2100 ce, ram (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) gig 4, sai tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ita ke fitar da katin biki, fosta, rasit da takardar haya, CorelDraw a buɗe tun safe har bayan isha'i. Tun kafin azumi yake kukan ta yi nauyi, ni kuma tun lokacin maganata ɗaya ce: a sa mata SSD, faifan ajiya na zamani marar juyawa, a ƙara ram. Kullum sai ya ce to, sai kasuwa ta buɗe.

Adaidaita sahu zuwa Gwammaja, da cunkoson Ƙofar Mazugal da aka saba.

Na durƙusa na gaishe shi, ko zama ban yi ba ya zura hannu a aljihu ya fito da ita a naɗe cikin tishu da farar leda, fuskarsa sai washewa take. "Bakwai ce, ba uku ba," in ji shi. Na karɓa na juya ta wajen hasken ƙofa na karanta rubutun da ke bayan ƙarfen: i7-3770. Nan take jikina ya yi sanyi.

Na ce, "Kawu, kaya ne mai kyau, amma ba za ta tashi a kan wannan bodin ba."

Ya ce, "Saboda me? Mai shagon da na saya a wajensa ya duba a wayarsa, ya ce 1155 ce, ramin ɗaya ne."

Kuma a nan mai shagon bai yi ƙarya ba, abin da ya sa zancen ya yi min wuyar bayani ke nan. Intel, kamfanin da ke ƙera su, ta fitar da zubi na biyu na furosesa a 2011, irin i3-2100 ɗin, zubi na uku a 2012, irin i7-3770 ɗin, dukkansu soket ɗaya suke hawa, wato rami ɗaya, LGA1155. Girma ɗaya, tsaga ɗaya, ko da ido a rufe za ka zaunar da wannan a gurbin waccan. Sai dai soket ba shi kaɗai ke da ta cewa ba, akwai cipset, ɗan guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan a kan bodin, wato babban allon da komai ke zaune a kai. Na 790 Q65 ne, shi kuma zubi na biyu kawai ya sani. Da OptiPlex 7010 ce mai Q77, da yanzu ana shan shayi ana murna. Na yi masa wannan bayanin a hankali, har na ce in i7 ɗin yake so lallai, akwai 2600, ta zubi na biyu, ita ma ƙwaya huɗu ce mai gudun 3.4 GHz, kuma wannan bodin zai karɓe ta ba gardama. Ko i5-2400, ta fi araha, ta ishi aikin shagon nan har ta yi yawa.

Ya dube ni ta saman gilashi. "Kai dai ɗaura, in ba ta tashi ba ma gani."

To, babba ya ce a yi. Na zare fulogi, na buɗe murfi, yaron shago ya miƙo min bulowa muka fita da ita waje. Ƙurar da ta tashi sai da mai rake na gefe ya janye baronsa yana mita. Ƙarfen sanyaya ya toshe gaba ɗaya, ƙura ta daskare tsakanin haƙoransa har iska ba ta wucewa, man da ke kan furosesar ya bushe ya koma gari. Na kwance sukurori, na ɗaga ƙarfen, na danna ɗan sandan da ke riƙe da murfin soket na ja shi gefe. Wannan wurin ne kullum nake riƙe numfashi, domin a irin wannan soket ƙafafun ba a jikin furosesa suke ba, a cikin ramin suke, siraran zinare sama da dubu a jere, ɗaya ta lanƙwashe bodi ya tafi. Na ɗauke tsohuwar da yatsa biyu, na daidaita ɗan alamar kusurwa ta sabuwar da ta soket, na sauke ta. Ta zauna daram, ko motsi ba ta yi.

"Ka gani ko?" in ji Kawu. "Ai ga shi ta shiga."

Ban ce komai ba. Na ɗiga sabon mai, na mayar da ƙarfe da fanka, na jona. Fanka ta juya, fitilun gaba suka kama, sikirin baƙi ƙirin. Muka jira. Na kashe, na cire ram na goge na mayar, na zare ɗan batirin nan mai kamar kwabo na bar shi ya huta na mayar, duk don kada a ce ban gwada ba. Shiru.

Lokacin shagon ya fara cika. Mata biyu suna jiran katin ɗaurin aure, wani dattijo riƙe da takardun fili zai yi hoto, ga ɗalibai a bakin ƙofa. Kawu ya kira mai shagon ya saka a sifika. Mutumin ko gama sauraro bai yi ba ya ce a sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da bodi, kawai, za ta tashi. Na matso na ce masa ranka ya daɗe, wannan maganar gaskiya ce a kan bodin H61, da yawansu in an sabunta suna karɓar zubi na uku, amma Q65 ko BIOS na ƙarshe ka ɗora masa ba zai karɓa ba. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wa ke magana?"

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, yana ɗan taɓa gyara."

Mutumin ya yi dariya ya ce a kawo masa kwamfutar shago yaransa su duba, amma kaya dai in sun fita ba sa dawowa. Kawu ya kashe waya ya juyo, a gaban mutanen nan duka, ba da faɗa ba, da muryar nasiha ma, ya ce: "Ka ga, Injiniya, shi fa mai shago ne. Yana da yara a ƙarƙashinsa, kullum cikin kayan nan yake kwana yake tashi. Kai kuma a ɗaki kake. Ba laifi ba ne in abu ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka."

Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyar da kai. Yaron shago ya shiga goge kibod da ba ta da datti.

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Me zan ce? Yayan Umma ne. Shi ya biya min kuɗin jarrabawar fita sakandare lokacin da Baba ke kwance, ban manta ba, kuma ba zan tsaya ina ja-in-ja da shi a gaban kwastomominsa ba. Na sake kwancewa, na mayar da i3 ɗinta, na shafa mai, na kunna. Ta tashi, har ta fi da shiru tunda yanzu iska na ratsa ta. Na naɗe masa bakwai ɗinsa a tishunta na ajiye a kan tebur.

Amma zuciya ba ta bar ni na tafi haka ba. Da Windows ta gama buɗewa, bayan an daɗe ana kallon ɗigon nan yana zagaye, na buɗe Task Manager na ce Kawu don Allah ku matso ku ga wani abu. Na sa yaron ya buɗe CorelDraw da fayil ɗin fostar da yake aiki a kai. Layin faifai ya haye 100 ya maƙale a can, ram ya kusa cika, furosesar da ake zargi kuwa ko rabi ba ta kai ba. Na ce masa ita wannan zaune take tana jira. Tela ne mai sauri, amma yadin a kafaɗar tsoho ake kawo masa daga Kwari, yadi ɗaya ɗaya. In kun kawo telan da ya fi shi sauri, shi ma zaman jiran zai yi. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, in ƙananan fayiloli ne a warwatse kuwa abin ya fi haka muni, don sai allurar ta yi ta yawo tana nema. SSD na SATA yana kai wa wajen 500, kuma ba ya neman komai, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ga ramin ram huɗu a bodin, DDR3, yana ɗauka har gig 16, ko 8 aka kai shi CorelDraw zai numfasa. Kuɗin da aka zuba a bakwai ɗin nan da ya sayi duka biyun.

Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Sai ya ce, "Shi wannan SSD ɗin naka gig nawa ne?"

Na ce 256 ya isa, tsohon faifan a bar shi a ciki don ajiyar ayyuka.

"Na ciki fa?"

"500 ne."

Ya tafa hannu ya juya wajen dattijon nan. "Malam, ka ji fa. In ba da kuɗina a rage min."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na tattara sukundirebobina. Ya zaro kuɗin mota ya ba ni, na ce a bar shi, ya ce karɓi mana, na karɓa.

A hanya abin ya yi ta cina. Ba ƙin jin shawarar ba, wannan na saba, rabin masu kawo min aiki lamba suke saye, bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, ko da bakwan ta shekara goma sha ce biyar ɗin kuma ta bana. "A ɗaki kake" ɗin nan ce ta tsaya min a wuya. Domin gaskiya ce. A ɗaki nake, teburina tsohuwar ƙofa ce a kan bulo, kayan aikina a gwangwanin madara. Kwamfutocin makarantar Islamiyyar layinmu a ɗakin nan na tayar da su ɗaya bayan ɗaya, na kafen intanet na Yaya ma haka, ita kanta ta Kawun ni na ɗora mata komai ranar da aka kawo ta, har firintar. Amma tunda babu allo da sunana a bakin titi, duk wannan "ɗan taɓawa" ne. Na tambayi kuɗin shago a Beirut Road kwanakin baya, da na ji abin da ake nema na shekara ban ƙara komawa ta layin ba. Ko tebur a Farm Centre sai da hanya da jari.

Kuma in za a bi ta gaskiya, ita kanta kwamfutar akwai iyakar abin da ya kamata a kashe mata. Ta 2011 ce. Fawa-fak ɗinta wat 240 ne, babban katin hoto ba zai zauna ba, sai ƙanana masu gajeren baki. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa, ga sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0. Wato ko 3770 ɗin ta tashi, ba ta kai shi can. SSD kuwa ko gobe ya canza kwamfuta zai cire abinsa ya tafi da shi. Wannan ban ma samu na faɗa masa ba.

Azahar a masallacin bakin titi. Shinkafa da wake da mai da yaji wajen matar nan, yau yajin ya yi yawa.

Laftof ɗin malama ban taɓa ta ba har la'asar, ina zaune ina kallonta kawai. Daga baya na buɗe, ashe igiyar sikirin ce ta saki, aikin minti kaɗan. Wuta ta tafi kafin magariba. Auta yana ta damuna in saka masa manhajar gwajin JAMB, na ce gobe.

Bayan isha'i Umma ta leƙo ta ce Kawunka ya kira, wai ka je ka kasa. Na buɗe baki zan fara bayanin cipset, na ga fuskarta, na fasa. Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, in akwai abin da zai gyara masa injin nan a wajenka, ka kai masa, ba sai ya roƙe ka ba."

Akwai kuwa. SSD 128 ɗin da na cire daga tawa yana cikin durowa, lafiyarsa ƙalau. Yaron shago ma ya turo min saƙo yanzu, wai Alhaji ya ce gobe da hantsi za su ɗauki kwamfutar a kai wa mai shagon, shi kuma akwai katin mutane uku da bai fitar ba, don Allah in zo kafin su tafi. Na ce masa ya kwashe fayilolin CorelDraw ɗin a filashi tukuna, duk wanda zai taɓa ta. In na je da wuri, a bodin nan tashar SATA ɗaya ce mai cikakken gudu, a ita zan jona, in ɗora Windows kafin Kawu ya iso daga gida. Ita kuma bakwai ɗin, Yaya ya ce akwai 7010 biyu a kafe, zai saya in Kawu ya yarda ya ɗan yi asara. Wa zai faɗa masa haka, shi ne ba mu daidaita ba, ni dai na ce ba ni ba.