Abin da tsofaffin jiragen yaƙi na Old Warden suka koya mini

A lokacin da nake karatun gyaran jiragen sama a Ingila, babu wurin da ya zame mini makaranta kamar wani filin ciyawa da ke ƙauyen Old Warden, kusa da garin Biggleswade, inda ake ajiye tarin jiragen Shuttleworth. Gidan tarihin ba na gwamnati ba ne. Wani saurayi mai sha'awar tseren mota da tuƙin jirgi, Richard Shuttleworth, shi ya fara tara kayan a 1928, kuma bayan ya rasu a haɗarin jirgi yana atisayen dare a 1940, mahaifiyarsa Dorothy ta mayar da dukiyar amana domin tunawa da shi.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne farantan ƙarfe da aka shimfiɗa a ƙarƙashin injina, mai yana ɗiga a cikinsu. A manyan gidajen tarihi za ka tarar da jirgi a rataye a rufi, fes da shi, amma ya daɗe da mutuwa. Waɗannan kuwa suna ɗigar da mai ne saboda har yanzu ana tashi da su. Na daɗe tsaye a gaban Sopwith Pup na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, ana kuma shayar da shi man zurma, irin zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu ba wanda ya damu da ita. Fukafukansa katako ne da aka lulluɓe da yadi, aka shafe da wani ruwa mai sa yadin ya ɗaure kamar fatar ganga.

A can na haɗu da wani dattijo mai aikin sa kai, wanda ya lura ina leƙen injin fiye da yadda 'yan kallo suka saba. Ya nuna mini siririyar wayar da ake murɗawa a kan noti don kada girgiza ta kwance shi, ya bi ta da ɗan yatsa, ya ce in duba ta wane ɓangare take ja. Idan aka ɗaura ta daidai, duk lokacin da notin ya nemi kwancewa sai wayar ta ƙara tamkewa. Idan aka ɗaura ta a baibai, ido zai ga aiki ya yi kyau alhali ba ta riƙe komai ba. Jikina ya yi sanyi, domin a makon nan na ɗaura irinta a ɗakin gwaji, na sa hannu a takarda ba tare da na sake dubawa ba. Da na koma ranar Litinin na tarar a baibai take. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a kan aikin da ban gani da idona na kuma taɓa da hannuna ba.

Haƙuri kuwa jirgin Blériot na 1909 ne ya koya mini shi. Ba a fito da shi sai da yamma, idan iska ta kwanta ɗif, kuma ko an fito da shi ɗan tashi kaɗan yake yi a miƙe a saman ciyawa ya sauka. Na ga ranar da jama'a suka jira har rana ta kusa faɗuwa, iska ta ƙi kwanciya, aka bar shi a ƙasa, kowa ya kama gabansa. A ganina wannan shi ne mafi wuya a sana'armu, wato ka ce jirgi ba zai tashi ba alhali fasinjoji suna zaune, na sama da kai kuma yana kallon agogo.

Akwai kuma Hurricane, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda na fi komawa wurinsa saboda dalili na gida. A lokacin yaƙin, daga 1940, an riƙa kawo irinsa cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum har Masar, inda ake yaƙin hamada. Da na ba dattijon wannan labari, sai ya tambaye ni yadda ƙurar hunturu take yi wa inji a Kano, ni kuma na shiga kwatanta masa hazon da kan rufe filin jirgi har a kasa hangen ƙarshen titi. Muka tsaya a gefen fuffuken muna lissafin sau nawa makanikan wancan zamani za su wanke matatar iska kafin jirgi ɗaya ya kai Khartum, har aka zo rufe ƙofa.