Ƙanƙarar da ta kai rabin jihar Kano

Jiya da la'asar ina fasa ƙanƙarar da ɗan acaɓa ya kawo min daga Ringim, na jefa wani ɓari a bokitin zoɓo, sai ƙanina yace Yaya me yasa bata nutsewa? Kanta kaɗan ne a sama, sauran duk yana ciki. Nace masa ai haka manyan duwatsun ƙanƙara suke a teku, kusan kashi tara cikin goma a ƙarƙashin ruwa yake, don ruwa in ya daskare kumbura yake ya rage nauyi, kamar fiya wata a firiza. Irinsu ne ya nutsar da jirgin Titanic a Afrilun 1912.

Abin da ya fi bani mamaki wallahi, ba ruwan teku bane ya daskare. Dusar ƙanƙara ce ke sauka a Girinlan da Antatika, yankunan tsananin sanyi da ke can ƙarshen arewa da ƙarshen kudancin duniya, shekara da shekaru bata narkewa, sabuwa ta danne tsohuwa har ta zama kamar dutse, nauyinta yasa tana jan ciki sannu a hankali zuwa bakin teku, can sai wani yanki ya ɓalle, kamar yadda gaɓar kogin Haɗeja ke zaftarewa da damina. In ka narka ta ruwan sha ne, ba gishiri ko kaɗan.

Kamanninsu kuwa ya danganta da inda suka ɓallo. A Antatika ƙanƙarar takan shimfiɗa kan ruwa tun kafin ta karye, shi yasa nasu ke fitowa samansu a baje kamar faranti, gefe a miƙe kamar katanga. Wanda ake kira B-15 da ya ɓalle a 2000 tsawonsa ya kai kilomita 295, girmansa wajen rabin jihar Kano! Na Girinlan kuma ta tsakanin duwatsu suke gangarowa duk sun tsattsage, sai kaga mai tsini, mai doro, wani kamar hasumiya. Sannan ruwa na cinsu ta ƙasa, igiyar ruwa na sassaƙar gefe, rana na lasar sama, in gindin ya cinye sai abu ya juye gaba ɗaya ya sake kamanni.

Muna tsaye ɓarin namu ya kife cikin zoɓon, yaron ya tsuguna yana kallo har aka kira magariba.